Nope, nah ko pass: wanne zaka tura, kuma wa zaka turawa?

Autanmu ne ya jawo wannan rubutun. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya yi tambaya a gurup ɗin gida na WhatsApp, ya ce Auta an biya kuɗin makarantar taka kuwa? yaron nan ya tashi ya turo kalma ɗaya tilo, Nope. Ba sallama ba gaisuwa ba komai. Gurup ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, can sai ga kiran Goggo wai ni da na yi boko in gaya mata me yaron nan yake nufi, zagi ne ko me. Na ce Goggo ba zagi bane, a'a kawai ya ce, wato ba a biya ba. Ta ce toh ita a'ar tasu ta turawa haka take ba ladabi? Na yi dariya amma da na zauna na duba sai naga tana da gaskiya, fassarar da na yi mata daidai ce amma ban gaya mata rabin zancen ba, don kalmar tana ɗauke da wani abu da a'a tamu bata ɗauke dashi.

Kuma ba Auta kaɗai ba, yanzu kusan kowa a chatin nope yake bugawa ko nah ko pass, an tsinto a fim da TikTok da wajen ƴan ƙwallo, ana zaton duk abu ɗaya ne gayu ne kawai ya bambanta su. Ba ɗaya bane wallahi. Duk ukun ƙi ne, amma akwai inda in ka saka ɗaya a gurbin ɗaya maganar take lalacewa gaba ɗaya, wani wajen ma ta juye ta koma eh.

Bari in fara da nope tunda ita ta haɗa faɗan. Mutane na ɗauka sabuwar kalma ce ta ƴan intanet, alhali ta girmi kakannin da yawa daga cikinmu, ƙamusun Merriam-Webster ya nuna tun 1888 ake ganinta a rubuce, kuma daga turancin Amurka ta fito. Asalinta no ce kawai, wannan p ɗin na ƙarshe ba wani harafi bane aka zauna aka ƙirƙiro, rufe baki ne. Gwada kaji, ka ce no sannan ka haɗe leɓɓanka da sauri kamar wanda ya gama magana baya son ƙari, sautin da zai fito shine nope. Haka ma yep ta samu daga wajen eh ɗinsu. Kaga kenan tun daga yadda ake furta ta ta riga ta gaya maka halinta, kalma ce mai rufe ƙofa, an amsa an gama babu wani bayani da ke biye. Mu kuma da bamu da p a Hausa sai kaji an ce nof, har da hura iska a ƙarshe, alhali su masu yaren sau da yawa ko sakin p ɗin basa yi, leɓen ne kawai ke haɗuwa shikenan. Sai in mutum na son jaddadawa ko tsokana shine zai fasa ta da ƙarfi kamar an buɗe kwalbar lemo.

Inda nope ta fi zama daram shine tambayar da amsarta eh ce ko a'a akan abinda ya faru ko bai faru ba. Abokinka ya ce kaga cajata? Nope. An kawo wuta a layinku? Nope. Malamin ya shigo? Nope. A nan bata da wani nauyi, ba wanda zai ji haushi, har ma ta fi no zalla sauƙi, don a chatin in ka turowa mutum No ita kaɗai da ɗigo a ƙarshe sai yaji kamar fushi kake, nope kuwa akwai ɗan wasa a cikinta. Matsalar na farawa ne in tambayar ta zama roƙo. Wani ya ce dan Allah zaka iya taimaka min da dubu biyu zuwa gobe, ka ce nope, toh wannan ba a'a bace kawai, a'a ce da ɗaga kafaɗa, kamar ka ce bazan yi ba kuma ban damu ba. Tsakanin abokai na ƙut da ƙut da suka saba zolayar juna zata wuce, amma wanda ya cire kunya ya roƙe ka da gaske zai riƙe ta a zuciya.

Wani abu kuma da naga ana kuskure, nope bata shiga ko'ina da no take shiga. Amsa ce mai tsayuwa da ƙafarta ita kaɗai. Ba a cewa nope money ko nope problem ko nope network, waɗannan duk wajen no ne. Kuma a kula da np da ake rubutawa, wannan ba gajarta nope bace, no problem ake nufi, wato ba damuwa. Na taɓa ganin wanda aka ce masa zaka iya kawo min littafin gobe ya rubuta np da niyyar ba zai iya ba, ɗayan kuma ya zauna yana ta jiran littafi har azahar.

Akwai kuma aiki na biyu da nope ta samu a intanet wanda nah da pass basu dashi sosai, wato na tsoro ko ƙyama. An saka bidiyon maciji ya fito daga cikin takalmi, ko wani yana tafiya a bakin rufin bene mai hawa talatin, sai kaga ƙasa an jera nope nope nope. A nan ba tambaya aka yi ba balle a ce amsa ce, daidai take da namu na ba dani ba gaɗa a maƙabarta, ko kaji mace ta ce wa? ni? Allah ya kiyaye. Har fi'ili suka mayar da ita, su ce mutum ya noped out, wato ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya ari na kare. Fim ɗin ban tsoro da Jordan Peele ya fitar a 2022 ma sunansa kenan, Nope, kuma duk wanda ya san wannan ma'anar ya san me sunan ke nufi tun kafin ya kalla.

Toh nah fa. Ita a baki ma ta bambanta, baki a buɗe ake barinsa, a ja ta naaa, babu rufewa. Kalmar kasala ce, ta wanda ke kishingiɗe. In nope na baka labarin abinda ke akwai ne, nah ra'ayin mai maganar take nunawa da yanayin da yake ciki. Zaka zo gidan kallo anjima? Nah. Wato kai bar shi kawai, yau ban da ƙarfi. Kana ganin zasu ci kofin bana? Nah. Wato ina, rabu dasu. Kaga a nan in ka sa nope zai yi kamar kana da tabbas ɗari bisa ɗari, nah kuwa ta bar ƙofa a sakaye, ana iya lallaɓa ka ka canza. Shi yasa in aka ce maka nah zaka iya cewa haba dai zo mana, amma in aka ce nope yawanci ka haƙura kawai.

Kuma tana da wani aiki mai kyau da nake so, na kwantar da hankali. Mutum ya ce yi haƙuri na makara, ko ya ce ina fatan ban takura maka ba, sai ka ce nah it's fine, wato haba ba komai wallahi. A nan nah ta fi kowacce daɗi, tana goge laifin ne gaba ɗaya. Amma wannan gogewar ita ce kuma illarta, don yadda take goge laifi haka take goge shawarar mutum. A ce kuna tattauna wani aiki wani ya zauna ya yi dogon bayani ya kawo dabararsa, kai kuma ka ce nah, toh ka wofintar dashi kenan, kamar ka kore ƙuda da hannu. Ni a ganina a irin wannan wajen nah ta fi nope ciwo, nope ta ce ban yarda ba, nah kuwa cewa take maganar ma bata kai a tsaya a kanta ba.

Yanzu ga babban ramin da ya shafe mu ƴan Najeriya, wanda ba zaka ji wani bature ya gaya maka ba don shi bai san da shi ba. A Pidgin akwai na, wadda take nufin ne ko ce, na me wato ni ne, na so wato haka ne. Toh mutane da yawa in zasu rubuta sai su ƙara mata h su rubuta nah. Ni kaina na faɗa ciki lokacin bautar ƙasa, muna zaune gida ɗaya mu huɗu, wata rana na dawo na tarar an biya kuɗin wutar da muke ta jayayya a kai, na tura a gurup wa ya biya, wani ɗan kudu a cikinmu ya rubuto nah me. Ni da turancin fim a kaina sai na karanta a'a ba ni bane, na wuce na tambayi sauran kowa ya ce ba shi bane, na ce toh aljanu ne suka biya kenan. Bawan Allah yana ɗaki yana jiran a haɗa masa kuɗinsa, kwana biyu yana kumbura yana ganin mun yi masa kunnen uwar shegu, sai da ya tare ni a bakin rijiya da bokiti a hannu ya ce shi fa bai gane ba, ba ya gaya min shi ya biya ba? Na buɗe waya na nuna masa, ya karanta min da muryarsa, na me, sai kunya ta kama ni. Tun daga ranar in zan yi chatin da wanda Pidgin ce a bakinsa bana tura nah ita kaɗai, don in ka rubuta nah so ko nah true zai ɗauka ka amince ne, kai kuma ƙi kake nufi. In dole sai ka yi amfani da ita toh ka saka waƙafi ka ƙara magana, nah, I'm not coming, yadda ba za a yi maka wata fassara ba. Nope bata da wannan matsalar ko kaɗan, duk inda ka tura ta a'a ce.

Su ma turawan can basu tsira ba. Mutanen Ostireliya da New Zealand suna cewa yeah nah suna nufin a'a, su ce nah yeah suna nufin eh, ta ƙarshen ita ce amsar, ta farkon share fage ce kawai, kamar dai yadda muke cewa eh toh, amma dai a'a. Ƴan uwanmu na Nijar kuma masu chatin da faransanci suna da tasu, non ɗin ana lanƙwasa ta ta koma nan, ka tambayi mutum zai zo ya rubuto nan, kai ka ɗauka wuri yake nuna maka.

Sai pass. Wannan daga wajen karta ta fito, in layi ya zo kanka baka son yin komai sai ka ce pass a wuce ka. A shirin kacici-kacici na Mastermind da BBC ta fara a 1972 ma haka masu amsa tambaya ke cewa in basu san amsa ba don kar lokaci ya ƙure musu. Ma'anarta kenan har yau, a wuce ni a ba wani. Saboda haka ita tayi kawai ake ƙi da ita. An ce ga gayyata, ga abinci, ga wata harka zo mu shiga, sai ka ce I'll pass. In kana neman daidai da ita a Hausa toh na yafe ce, cif. Ba a amsa tambayar labari da ita, a ce an kawo wuta ka ce pass, sai a ɗauka baka san amsar bane ko baka son faɗa. Kuma a cikin ukun ita ta fi ladabi nesa ba kusa ba in ka haɗa ta da godiya, thanks but I'll pass, don bata ce abin ba kyau ba, cewa ta yi ni dai a tsallake ni wannan karon. Amma da zarar ka ƙara mata hard ta zama hard pass toh ladabin ya tafi, wannan ita ce a kai kasuwa tamu, irin wadda budurwa ke cewa in an nuna mata hoton wanda bai yi mata ba. Akan abu ake faɗinta ko a bayan ido, ba a gaban wanda ya kawo tayin da zuciya ɗaya ba.

Ita ma dai tana da nata rikicin a wajenmu, don mu pass a kunnenmu cin jarrabawa ce, a Pidgin kuma fin wani take nufi, kowa ya san ƙaramin janareta I pass my neighbour, wato na fi maƙwabcina. Wani kuma in ka ce masa I'll pass sai ya ji kamar ka ce zan biyo ta wajen, ya shimfiɗa tabarma yana jira. In kana shakkar mutum zai gane, ƙara mata this time ko on that, ko ka bar ta gaba ɗaya.

Akwai wasu biyu da ke raɓe a gefe da ya kamata in taɓa da sauri. I'm good in an miƙo maka shayi ko abinci ba wai lafiyarka ƙalau kake faɗa ba, na ƙoshi kenan, alhamdulillahi. No way kuma a'a ce mai zafi, faufau, ko kusa ko alama, amma rabin lokaci ma ba ƙi ake da ita ba mamaki ne, a ce maka wane ya yi aure jiya ka ce no way, wato kai haba dan Allah, da gaske?

Wani wajen da nope ke yaudarar Bahaushe shine tambaya mai korewa. Mu in aka ce baka je ba? sai mu ce eh, ma'ana eh ban je ba. Su kuma in aka ce you didn't go? wanda bai je ba nope zai ce. Na sha ganin wanda ya amsa da yep yana nufin eh ban je ba, mai tambayar ya rasa gane ya je ne ko bai je ba. A nan kar ka yi rowar kalmomi, ka ce nope, I didn't, an wuce wajen.

Toh wanne za a ɗauka? Ni dai ga yadda nake yi. Abu na farko da nake dubawa ba kalmar bace, mutumin ne. In wanda zan cire takalmi in gaishe shi ne, ko oga a ofis, ko lakcara, ko wanda ke yi min intabiyu na aiki ko na biza, ko kwastoman da bamu saba ba, toh duk cikin ukun babu wadda ke fita daga bakina, pass ɗin ma sai dai in abinci aka miƙo. Kar wani ya ce ai turawa basu da wannan kunyar, suna da ita, musamman mutanen Ingila, a'arsu nannaɗe take kamar ƙunshin goro, I'm afraid not, not yet, I wish I could, unfortunately. Daidai da yadda mai kanti a Kwari ba zai ce maka ban sayar ba sai dai ya ce albarka, ko yadda ake ce wa almajiri Allah ya ba da haƙuri. Kowane yare yana da rigar da yake sakawa a'a in za ta shiga gaban manya, mu dai mun kwaso ta ƴan fim ne muka bar ta ofis. A imel na aiki kuwa ko da ogan naka yana wasa da kai ka bari shi ya fara rubuta nope tukuna, in ya yi sau biyu sau uku toh ka san an buɗe maka hanya.

In kuma sa'ana ne sai in duba me aka tambaye ni. Labari ake nema, an yi ko ba a yi ba, akwai ko babu, nope. Ra'ayi ne ko wani ɗan tayi mara nauyi irin zo mu fita, nah, amma fa in na tabbata ba mai Pidgin bane a ɗaya ɓangaren. Gayyata ce ta mutunci da aka yi min don an ɗauke ni da muhimmanci, walima ko wata harkar kasuwanci, I'll pass da godiya da ɗan dalili ko da guntu ne. Roƙo kuwa, kuɗi ko taimako, babu ko ɗaya a ciki da ta isa, nan jimla cikakkiya ake bukata, kuma gaskiya ni a nan Hausa nake komawa don yi haƙuri wallahi ban da hali yanzu ta fi duk wani turanci sanyaya zuciya. Da za a ce in zaɓi ɗaya tak in riƙe in zubar da sauran, nope zan ɗauka, ba don ta fi daɗi ba sai don ita kaɗai ce ba a taɓa yi min wata fassara da ita ba. Sai dai masu soyayya ku yi hattara da ɗigon nan na ƙarshe, ta ce kana fushi dani ne ka turo Nope da ɗigo, toh ka amsa mata da eh kenan, ka shirya kiran dare.

Shi Auta da na kira shi na ce me ya hana ka rubuta a'a Kawu ba a biya ba tukuna, kalma nawa ce, sai ya ce wai shi data ɗinsa ce ta kusa ƙarewa. Na sa shi ya kira ya ba da haƙuri, Kawu ya ce ba komai ai yaro ne, washegari ya turo kuɗin amma ta asusuna ba ta na yaron ba. Wata uku kenan yanzu, har yau in yaron ya shiga gaishe shi sai Kawu ya gyara zama ya sauke tabarau ya ce a'a Malam Nof ne da kansa, an tashi lafiya?